Wanne katun ne zai koya wa yaro Turanci? Ku karanta kafin ku kashe kuɗin data ko filash

Iyaye da yawa suna zaton in dai katun ne kuma ba da Hausa ake magana ba, to shi ke nan yaro yana koyon Turanci. Wallahi ba haka ba ne. Akwai yaron da zai shekara gaban Tom and Jerry bai tsinci kalma ko ɗaya ba, don ba magana ake yi a ciki ba, guje-guje ne kawai da duka da kwano. Haka katun ɗin Mr Bean, gunaguni ya fi magana yawa. Waɗannan biyun ku cire su daga lissafi tun yanzu.

Ni dai in aka tambaye ni, Alphablocks nake cewa, kuma ba na ɓoyewa. Shirin tashar yara ta BBC ne, CBeebies, ya fara fitowa a 2010. Haruffan Turanci 26 ne aka mayar da su 'yan halittu, kowanne da kalarsa da halinsa, kuma kowanne sautinsa yake furtawa maimakon sunansa. In za a haɗa kalma sai haruffan su riƙe hannun juna, kowa ya faɗi sautinsa a jere, sai kalmar ta fito, abin da take nufi kuma ya bayyana a gaban yaro. Misali c da a da t su kama hannu su ba da cat, sai ga kyanwa ta faɗo. Wannan riƙe hannun shi ne sirrin, domin haɗa baƙi shi ne inda yaranmu suke maƙalewa, za ka ga yaro ya haddace waƙar ABC tsaf tun yana nazare amma ka rubuta masa kalma mai harafi uku ya tsaya yana kallonka. Kuma an tsara shirin mataki-mataki da kala, ana farawa daga ja, sai ruwan lemo, sai ruwan ɗorawa, a haka har a kai inda haruffa biyu ke haɗuwa su ba da sauti guda kamar sh da ch, da wannan e ta ƙarshen kalma da ba a furtawa amma tana canza sautin wasalin da ya zo kafin ita. In makarantar yaronku tana amfani da Jolly Phonics, tsarin koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa, wanda makarantu da dama a Najeriya suke yi, to hanya ɗaya ce, ba za su yi karo ba. Kowanne kashi 'yan mintuna ne, ba ya cin data, ba ya cika waya. Na ga 'yar autata da idona ta tsaya gaban buhun shinkafa tana bin haruffan jiki da yatsa tana furta su ɗaya-ɗaya, ba wanda ya sa ta. Matsalarsa ɗaya, karatu yake koyarwa, ba hira ba. Yaro zai iya karanta kalma amma bai iya cewa yana jin yunwa da Turanci ba, sai an haɗa masa da wani.

Wanda nake haɗawa da shi kuwa Akili and Me ne, na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya. Akili yarinya ce 'yar shekara huɗu da in ta yi barci take tafiya wata duniya inda take koyon Turanci da ƙirga tare da abokanta dabbobi. Abin da ya sa nake sonsa, don yaran da ba Turanci ake yi a gidajensu ba aka yi shi, saboda haka ana magana a hankali, ana maimaitawa, ana dakatawa yaro ya amsa. Bino and Fino ma ba laifi, namu ne na gida, Adamu Waziri ne ya ƙirƙiro shi a Abuja, yaro zai ji Turanci da irin harshen da zai ji a bakin malamarsa, ya ga tufafi da abincin da ya sani. Sesame Square da aka fara nunawa a NTA a 2011, mai Kami da Zobi sarkin son doya, shi ma mai kyau ne in kun same shi.

Sauran fa? Peppa Pig Turancinsa a fili yake kuma gajere ne, amma alade ne, gidaje da yawa ba za su yarda ba, ga shi yarinyar tana yi wa babanta dariyar tumbi, ni ban ga dalilin kawo wannan cikin gida ba. Cocomelon waƙa ce zalla, yaro zai rera amma ba ya san me yake cewa, kuma ranar da kika kashe za ki sha kuka. Dora the Explorer in na Turanci kuka samu, Sifaniyanci take koyarwa, don yaran Amurka aka yi shi. Bluey na Ostareliya yana da daɗi amma suna magana da sauri, sai yaron da ya riga ya fara ji.

Batun ta ina za a kalla. Dikoda irin GOtv ko StarTimes ko DStv akwai tashoshin yara, amma ba kai ke zaɓar abin da za a sa ba, lokacin da shirin kirki zai zo ƙila an ɗauke wuta, lokacin da aka kawo wuta kuma katun ɗin faɗa ne. Ga biyan kuɗin wata. Shi ya sa na fi son a sauke a ajiye, ko a YouTube Kids, manhajar YouTube ta yara, akwai wurin da iyaye za su zaɓi tashoshin da suka yarda da su kaɗai, duk wani abu daban ba zai fito ba. Ku nemi wannan saitin, ya fi duk wani abu da zan faɗa muhimmanci.

Domin jabu sun yi yawa, kuma a nan ne na ƙone. Wani mai tura fina-finai a kasuwa ya cika min filash da sunan "katun ɗin koyon Turanci", aka kawo gida aka saka a talbijin, rabin abin da ke ciki da Indiyanci aka fassara, wasu muryar ta riga hoton, wasu kuma ba na asali ba ne sam, an dai ari fuskokin katun ɗin da yara suka sani an haɗa shirme, allura da jini da ihu. Ba sabon abu ba ne, a 2017 an yi babban surutu a duniya kan irin waɗannan bidiyoyin har YouTube ta goge tashoshi da yawa, amma waɗanda aka riga aka sauke suna nan suna yawo daga waya zuwa waya. Yanzu kuma ga na ƙirƙirarriyar basira, tasha ta fitar da bidiyo rututu, murya irin ta inji, a nuna harafi ɗaya a furta wani, a rubuta kalma da kuskure, yaro kuma duk abin da ya gani ya hau kai ya zauna. Kafin ku sauke komai ku duba sunan tashar da kyau, jabun sukan ƙara harafi ɗaya ko su liƙa wata kalma a ƙarshe, ku duba alamar tantancewa kusa da sunan, kuma ku kashe abin nan da ke sa bidiyo ya wuce na gaba da kansa, ta nan ɓarnar take shigowa.

Sai 'yan tabalet ɗin yara masu roba mai kala da ake tallatawa wai an cika su da darussa. Wasu na kirki ne, amma da yawa girman ma'ajiyar da aka rubuta a kwali ƙarya ne, batir ba ya riƙe caji, manhajojin ciki kuma talla ce ke faɗowa kowane minti. Haka masu cewa jariri zai fara Turanci da faifansu. Ko Disney sai da ta yi tayin mayar wa iyaye kuɗinsu a 2009 kan faifan Baby Einstein. Akwai ma binciken Patricia Kuhl na 2003 a Jami'ar Washington, jarirai 'yan wata tara da mutum ya zauna yana musu magana da Sinanci sun kama sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo kuwa ba su kama komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 cewa ta yi 'yan ƙasa da shekara biyu a raba su da allo, daga biyu zuwa huɗu kar ya wuce awa ɗaya a rana. To duk mai ce miki ki saya wa ɗan goye, kuɗinki yake so.

Ko Alphablocks ɗin da nake ta yabo, ki zauna da yaron ko minti goma ne, ko ki sa yayarsa, a tsayar a tambaye shi wane sauti ne wannan. Kuma kar a daina yi masa Hausa a gida wai don Turanci ya zauna, ba ta hana shi.

In dole sai wajen mai turi za ku je, ku rubuta masa sunan shirin a takarda, kar ku ce "sa min na yara" kawai. Ku tsaya a shagon ya buɗe muku a kwamfutarsa, ku zaɓi guda uku ko huɗu daga tsakiya da ƙarshe, ba na farko ba, don na kirkin a sama suke jerawa. In ya ce sauri yake akwai layi, ku karɓi filash ɗinku ku yi gaba.