JMARS ko QGIS: Wacce Ta Dace da Makarantar Ƙauye?

Malam, ka tambaya wace manhaja ce ta fi dacewa ka nuna wa ɗalibanka taswirar duniyar Mars, tsakanin JMARS da QGIS, ganin cewa makarantarku a karkarar Ringim take, kwamfutarku ɗaya ce, sabis kuma sai ya ga dama. Dukkansu kyauta ne.

JMARS aikin Jami'ar Jihar Arizona ce ta Amurka, kuma tun asali domin Mars aka gina ta. Kana buɗe ta za ka iya ɗora bayanan tudu da kwari na MOLA, wato na'urar da ta auna tsayin doron Mars daga sararin samaniya, ka shimfiɗa hotunan THEMIS, kyamarar wani kumbo mai kewaya Mars, a kansu, sannan ka rage kaurin na saman a hankali, har ɗalibi ya ga zurfin kwazazzabon Valles Marineris, mai tsawon kusan kilomita 4,000, yana fitowa ta ƙasa. Illarta a wajenmu ita ce duk inda ka matsa sai ta janyo sababbin hotuna daga intanet, ga cin data, ga ajin da zai zauna yana kallon allon da bai cika ba.

QGIS kuwa domin taswirar duniyarmu aka fi amfani da ita, saboda haka ɗawainiyar tana kanka. Sai dai idan ka shiga Dutse ko Kano ka sauke taswirar MOLA daga shafin hukumar USGS ta Amurka, wadda kowane ɗigonta mita 463 ne a ƙasa, ka zuba a filas, ka gama da intanet. Cajin sola kawai ya rage.

Wajen auna nisa a QGIS ne ake tuntuɓe. Daga tsakiyar Mars zuwa doronta kusan kilomita 3,390 ne, na duniyarmu kuwa 6,371, don haka idan aka bar ma'aunin aikin a kan WGS 84, wato tsarin ma'aunin taswirar duniyarmu, nisan da aka auna na iya kusan ninkuwa. Ka zaɓi tsarin Mars na IAU, ƙungiyar masana taurari ta duniya, ka gwada da ramin Jezero, inda motar bincike ta Perseverance ta sauka a 2021: faɗinsa kusan kilomita 45 ne, in ka ga 80 da wani abu, to, a koma saiti.

A ganina QGIS za ka riƙe domin darasin aji. JMARS ka bar ta ranar da ka samu sabis mai ƙarfi, ka adana hotunan wuraren da za ka koyar tun kafin ka dawo.