Kilinik ɗin da nake kai Inna: aiki mai kyau, hannu kaɗan

Masu tambayata inda nake kai mahaifiyata awon hawan jini da suga, wani ƙaramin kilinik ne mai zaman kansa a Sabon Gari, nan Damagaram. Ina ba da shawarar a je, amma a tafi da haƙuri. Sunansa zan sakaya, tunda akwai ƙorafi a maganata.

Wurin tsaf yake, ga rumfa da benci, ga sola, ko an ɗauke wuta firjin magani bai tsayawa. Kuɗin ganin lokotoro ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba, farmasinsu ma da tsada, shi ya sa nake karɓar ordonansi, wato takardar magani, in saya a waje.

Abin da ya riƙe mu shi ne majo, wato ma'aikaciyar jinyar wurin. A ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta nan garin, ta yi karatu, kuma ta san hannunta. Da ta gane Inna ba ta yi boko ba, sai ta zana mata rana da wata a jikin kwalin magani, wannan na safe, wannan na dare. Ta ce mata: "Hajiya, ban ce ki bar fura ba, sukarin za a cire, a kuma rage gishiri da magi a miya." Inna da ba ta jin maganar kowa kan abinci ta ce: "To ɗiyata, na ji." Da azumi ya matso, ita ta tuna wa lokotoro a gyara lokutan shan maganin. Amma ita kaɗai ce ke awo, allura, wankin ciwo da rubutu. Ranar da ta yi rashin lafiya, aikin tsayawa ya yi cik.

Lokotoro kuwa ba ya daɗewa. Wanda ya fara duba Inna, matashi mai natsuwa, ya tafi ƙarin karatu Faransa, can ya zauna. Wanda ya gaje shi ya koma Yamai. Na yanzu sai bayan la'asar yake isowa, in ya tashi daga aikin gwamnati, a gajiye, ya tarar da mutane har daga Mirriya da Matamai. Ciwon suga na son wanda ya san tarihin mai shi, amma kowane sabo daga farko yake somawa, ya sake awon jini, mu sake biya.

Ba na ganin laifin wanda ya tafi, kowa da iyalinsa. Hukumar lafiya ta duniya ta yi hasashen giɓin ma'aikatan lafiya kusan miliyan 10 nan da 2030, mafi yawa a ƙasashe irin namu. A 2023 ta jera ƙasashe 55, har da Nijar da Najeriya, da ta nemi masu arziki su daina farautar ma'aikatansu. Masu ƙetarawa Kano ta Maimujiya neman ƙwararre suna dawowa da labarin can ma Ingila da Saudiyya sun kwashe da yawa.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Jami'ar André Salifou na horar da likitoci, makarantun lafiya na yaye yara kowace shekara, kuma a unguwarmu kaɗai na san masu takarda da ke aikin sa kai ba albashi. Mai kilinik ɗin nan na da halin ɗaukar ko mutum ɗaya ya kama wa majo, kuɗin da muke biya ya isa haka. Na faɗa masa baki da baki, ya ce yana dubawa.

In za ku je, ku riƙe karne ɗinku, wato littafin asibiti, da duk tsofaffin takardun awo, ku roƙi majo ta rubuta sakamako a ciki. Ku kama layi tun azahar, kuma ku guji Alhamis, ranar kasuwa, don rumfar ba ta ɗaukar jama'a.