Kafin ka biya kuɗin neman takardar auren kakanninka a intanet

Duk mai bin diddigin zuri'arsa yakan kai inda hanya za ta toshe, kuma sau da yawa takardar aure ce take buɗe ta. Ita ce takardar da ke haɗa gidaje biyu wuri guda: sunan ango, sunan amarya na gidan ubanta, shekarunsu, sana'a, wani lokaci har da iyaye da shaidu. Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna, sai ka san ƙasa da gundumar da aka rubuta auren, domin wurin ne zai nuna maka shafin da ya dace da kai.

Ni dai da shafin FamilySearch nake cewa a fara. Kyauta ne, asusu kawai za ka buɗe. Cocin Mormon da ke Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka ne yake ɗauke da shi, kuma tun 1894 suke tattara irin waɗannan bayanai daga ƙasashe da dama. Wahalarsa ita ce kundaye da yawa hotonsu kawai aka ɗauka, ba a fitar da sunayen ciki ba, don haka rubuta suna a akwatin bincike ba zai kawo su ba. Sai ka nemi garin a jerin kundayensu, ka zauna kana bin rubutun hannu shafi bayan shafi. Wasu hotunan ma ba sa buɗuwa sai a cibiyoyinsu ko ɗakunan karatu da suke hulɗa da su.

Na kuɗi kuwa, uku ne aka fi sani. Ancestry ya fi ƙarfi a takardun Amurka, inda babu rajistar aure ta ƙasa baki ɗaya, kowace jiha ko gunduma da nata kundin. Findmypast ya fi dacewa da Birtaniya da Ayaland, musamman kundayen coci. MyHeritage, wanda ke Isra'ila, yana da amfani ga zuri'ar da ta warwatsu a Turai, saboda yakan gane suna ɗaya ko da an rubuta shi da haruffan harsuna daban-daban. Kafin ka biya ko ɗaya, duba jerin kundayensa ka tabbatar gundumarka da shekarun da kake nema suna ciki. Na taɓa biyan wani kamfani kuɗin shekara guda, daga baya na gano kundin da nake buƙata ya tsaya shekaru kaɗan kafin auren da nake nema, abin ya daɗe yana ci mini rai. Wata ɗaya ya isa gwaji, kuma kwanakin gwaji na kyauta sukan koma biya da kansu in ba ka soke ba.

Idan auren a Ingila ko Wales aka yi, an fara rajistar gwamnati ranar 1 ga Yuli, 1837, kuma FreeBMD, aikin 'yan sa kai, yana ba da jerin sunayen kyauta. Amma a lura, jerin sunaye daban, takardar shaida daban. Abin da za ka gani shi ne suna, gunduma, watanni ukun da aka yi rajistar a cikinsu, lambar kundi da ta shafi. Kafin 1912 ko sunan abokin aure babu a gefen sunan, sai dai ka duba sauran mutanen da ke shafi ɗaya da kakanka ka yi hasashen wace ce amaryar. Da waɗannan lambobin za ka sayi takardar kai tsaye daga GRO, babban ofishin rajista na gwamnati, wanda ya fi dillalai araha. Ko a cikinta sunan uba kaɗai za ka samu, domin sai a 2021 aka fara rubuta sunayen iyaye mata.

Sukotiland ta fi kyautata wa mai bincike. Tun 1855 takardar aurenta take ɗauke da sunayen iyaye duka biyu, har da sunan uwa na gidansu, kuma a shafin ScotlandsPeople na gwamnati binciken suna kyauta ne, hoton da ka buɗe kawai za ka biya. A Ayaland, shafin IrishGenealogy.ie na gwamnati yana nuna hotunan rajistar auren da ya haura shekara 75 ba tare da ko sisi ba.

In an ɗaura auren ne ba tare da an kai shi rajista ba, ko nawa ka biya ba zai fito a waɗannan shafuka ba, sai ka koma kan kundayen wuraren ibada, tsofaffin jaridu da dattawan gida. In kuma ka tabbata an rubuta shi amma bai fito ba, gwada sunan ta rubutu biyu ko uku, ko ka nemi amaryar maimakon angon, don magatakarda yakan rubuta abin da kunnensa ya ji ne.