Kafin ka kashe dalarka: wane littafin D&D ne zai rage maka yawan faɗa a tebur?

Wata Asabar a kwanakin baya ƙanena ya ajiye dais ɗinsa ya ce min, "Yaya, wai duk wanda muka haɗu da shi a labarin nan sai mun sare shi ne?" Wallahi sai na ji kunya, don gaskiya ya faɗa, wata uku muna Dungeons & Dragons (D&D, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari ana jefa dais), ni ke jan labarin, kuma kullum tsarin ɗaya ne, su shiga kogo, dodo ya fito, a jefa dais, a kwashe zinariya, a tashi. Daga nan na shiga neman littattafan da ke da abin yi ban da sara da suka, wasu na saya wasu na aro na karanta, to ga yadda na gan su.

Da farko ka san kuɗin. Manyan littattafan Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, masu kaurin bango da zan ambata an sa musu dala 49.95 lokacin da suka fito, ban da kuɗin kawowa daga Amurka ko Ingila, wanda shi ne ke karya mutum. Akwai na karantawa a D&D Beyond, shafin wasan na intanet, ya fi sauƙi, amma ba PDF za su ba ka ba, a shafinsu ko manhajarsu za ka karanta, ni kuma sau biyu katin bankina ya ƙi biyan dala sai da wani abokina da ke waje ya saya min. Saboda haka ba abin da za ka sayi huɗu ka gwada ba ne, ɗaya za ka zaɓa.

Wanda kowa zai fara nuna maka shi ne The Wild Beyond the Witchlight na 2021, domin shi aka tsara yadda za a iya gama shi tun daga farko har ƙarshe ba tare da an zare takobi ba. Daga mataki na 1 zuwa na 8 ne, wato matakin ƙarfin da jaruman 'yan wasa ke hawa. Ana farawa a wani filin wasanni mai yawo, har da tseren dodon koɗi manya-manya da 'yan wasa ke hawa, sannan a faɗa wata ƙasa a duniyar aljanu mai suna Prismeer inda wasu mayu mata uku suka raba mulki. Abin da ya fi burge ni ƙa'idojin ƙasar ne guda uku, karrama baƙo, kada ka taɓa abin da ba naka ba, in an yi maka alheri ka rama, kuma waɗannan kaɗai sun isa su haifar da rigima mai daɗi, mutum ya karɓi kyautar tuffa ɗaya ya wayi gari da bashi a wuyansa. Matsalarsa ita ce dogon labari ne guda ɗaya a ɗinke, in ka riga ka yi nisa da naka labarin kamar ni, yanko wani yanki ka liƙa sai ka sha wuya. Sannan akwai wasan yara a cikinsa sosai, in mutanen teburinka masu son abin tsoro da jini ne za su yi ta hamma.

Candlekeep Mysteries shi ma na 2021 ne, gajerun labarai 17 daga mataki na 1 zuwa 16, kowanne yana farawa da wani littafi da aka tsinta a babban ɗakin karatu na Candlekeep. Sunan zai sa ka ɗauka bincike ne zalla, a'a, da yawansu ana bin sawu ana tambaye-tambaye amma a ƙarshe faɗa ake yi. Kuma tunda marubuta daban-daban ne, wani labarin ya yi daɗi wani kuma lami. Amfaninsa shi ne kowanne zama ɗaya ko biyu ne, kana iya ɗauke littafin daga Candlekeep ka ajiye shi a gidan wani malami a garin da ka ƙirƙira, ba wanda zai gane.

Ni wanda na saya da kuɗina kuma ban yi nadama ba shi ne Keys from the Golden Vault na 2023, labarai 13 na sata da dabara, mataki na 1 zuwa 11. A nan dole a zauna a yi shiri, ana ba 'yan wasa taswirarsu daban wadda ba komai ke ciki ba, DM, wato mai jan labarin, kuma yana riƙe da ta gaskiya. Na farkon a gidan tarihi ne ana liyafa, za a sato wani abu da masu gidan suka ɗauka dutse ne alhali ƙwai ne da ke gab da ƙyanƙyashewa. Da muka buga shi, mutanena sun kwashe kusan minti arba'in suna gardama a kan wa zai shiga a matsayin mai raba abinci wa zai yi baƙo mai kuɗi, ƙanena ya tsaya gaban mai gadi yana ta zuba ƙarya wai shi ɗan'uwan shugaban gidan ne, na ce jefa dais, ya jefa mai fuska 20 ya faɗo a kan 3, ɗakin ya kaure da dariya, sai matar abokinmu ta ce ita za ta yi kamar ta suma a bakin ƙofa. Haka aka wuce. Ba a zub da jinin kowa ba a daren nan kuma ba wanda ya taɓa wayarsa. Sai dai ka sani in akwai mai jarumin da ba ya sata a teburin, sai ka lallaɓa shi, ko da yake littafin ya yi dabara, ƙungiyar da ke ba da aikin ta masu gyara zalunci ce.

Tasha's Cauldron of Everything na 2020 kuwa ba labari ba ne, kayan aiki ne, akwai sashen yadda za a yi sulhu da dodanni, me kowane iri ke so a ba shi, da kuma sashen wasan ƙwaƙwalwa. A nan ne zan ja kunnenka, wasu daga cikin wasannin a kan haruffan kalmomin Turanci aka gina su, a ƙirga harafi a haɗa kalma, mu kuma da Hausa muke wasa muna surkawa, sai abin ya mutu murus. Na ajiye su na koma kacici-kacicinmu, na sa wani tsohon dodo a kan gada ya ce ba mai wucewa sai an faɗa masa, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Kafin na rufe baki an ce tsintsiya. Na ce baba na ɗaka gemu na waje, aka ce hayaƙi. Ashe kowa ya sha su wajen kakarsa, dole na juya abin, dodon ya ce to su su kawo wanda shi bai sani ba, nan ne fa wasa ya yi daɗi. In don wannan sashen kaɗai za ka sayi Tasha, riƙe kuɗinka, sai in 'yan wasanka ma suna son sababbin zaɓin jarumai da ke ciki.

Akwai kuma ƙananan PDF a shafukan intanet na DMs Guild da DriveThruRPG, wasu ma ka biya abin da ka ga dama, jerin haɗuwa a hanya ko a kasuwa ko a masauki, layi biyu-biyu. Suna da arha amma ka duba samfurin shafukan kafin ka biya, wasu "kun ga mai tallan tuffa" ne kawai ba abin da mai tallan ke so ba abin da zai faru in an ƙyale shi, wannan kai ma ka rubuta a bayan takardar biredi.

To in sabon tebur za ka kafa, musamman da yara ko waɗanda ba su taɓa yi ba, ɗauki Witchlight. In labarinka na tafiya kana son abin sakawa a tsakiya, Golden Vault, Candlekeep ya biyo baya in ka samu aro. Mu dai Asabar mai zuwa gidan caca za su shiga sata, labari na biyu kenan a littafin, kuma ƙanena tuni ya turo min saƙo wai a wannan karon shi ne zai suma.