Wane horo za ka biya wa mai kula da lafiyar 'yan wasanka?

A ranar 12 ga Agusta 1989, ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas, ana cikin karawa da Angola, bai sake tashi ba. A Yunin 2021 kuwa, zuciyar ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen ta tsaya a Kopenhagen yayin wasan Denmark da Finland, aka danna masa ƙirji nan take, aka jona masa na'urar farfaɗo da zuciya, daga baya har ya koma taka leda. Idan kana da kulob, ko kai ne malamin wasanni a makaranta, wannan bambancin ne za ka saya da kuɗinka.

Hanya mafi araha ita ce intanet. FIFA tana da kwas na likitancin ƙwallon ƙafa da ake yi kyauta a shafinta, kuma akwai ilimi a ciki. Sai dai an tsara shi ne don likitoci da ma'aikatan jinya, da Turanci mai nauyi. Kuma allon waya ba ya gaya maka ko ka danna ƙirji da ƙarfin da ya isa.

Shi ya sa na fi son horon da ake yi da hannu, irin taimakon farko da ƙungiyar Red Cross ke koyarwa, ko kwas ɗin ceton rai na ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, wanda takardarsa ke aiki shekara 2 kafin a sabunta. Kafin ka biya, ka tambaya: akwai mutum-mutumin gwaji? Mutum nawa za su raba guda ɗaya? Idan mutum ashirin ne kan ɗaya, kallo kawai yaronka zai yi. Dole ya durƙusa ya danna sau 30, ya hura numfashi sau 2, cikin saurin danna 100 zuwa 120 a minti, ƙirjin ya nutse kamar santimita 5 zuwa 6. Wannan aikin gumi ne, bayan minti biyu hannu ya fara sanyi, don haka a horar da mutum biyu ko uku, kada a dogara da mutum ɗaya.

Ka kuma duba ko kwas ɗin ya taɓa buguwar kai da raunin wuya. Mu nan, ɗan wasa na faɗuwa sai a ruga da ruwan leda, a kwarara masa, a ɗaga shi a jijjiga. Idan wuya ne ya samu matsala, wannan ɗagawar na iya shanye masa jiki. Wanda ya bugu a kai kuma yana layi, ba ya komawa fili a ranar, ko da koci zai yi fushi. Targaɗe da karaya suna iya jiran asibiti ko mai ɗori, amma zuciya ba ta jira.

Sai na'urar AED, wato na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ita ce mai tsada. Philips, Zoll da Mindray duk suna yin ta, kuma tana yi wa mai amfani magana mataki-mataki. Kada sunan kamfani ya ruɗe ka, ka tambayi mai sayarwa ko ana samun batirinta da faifan da ake mannawa a ƙirji a kusa, domin dukansu suna da ranar lalacewa. Ga kuma zafinmu: kar a bar ta cikin but ɗin mota a rana ta watan Afrilu.

Idan aljihu bai kai duka ba, fara da horon hannu. Na'urar kuma, ƙungiyoyi uku ko huɗu da ke atisaye a fili ɗaya suna iya haɗa kuɗi su saya, a ajiye ta gefen fili, ba a ofishin da ake kullewa da yamma ba.