Neman iyayen kakan da ya bar Sikotland: ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Wata abokiyar aikina 'yar Kanada ta taɓa nuna mini hoton kabarin kakan kakanta a wayarta. A jikin dutsen akwai sunansa da shekarar rasuwarsa, sai aka ƙara da cewa mutumin Sikotland ne. Ba gari, ba sunan uba. Ta riga ta biya kuɗin shekara guda a wani shafin binciken asali, abin da ta samu kuma shi ne maza bakwai masu suna ɗaya da kakan nata, duk an haife su cikin shekara biyar. Wanne ne nata? Dubban iyalai a Kanada da Amurka da Ostireliya da Niyuzilan suna cikin irin wannan hali, don mutanen Sikotland sun yi ta kwarara waje tun zamanin jirgin Hector da ya sauke mutanen tsaunukan arewacin ƙasar a Pictou ta Kanada a 1773.

Kafin ka sa hannu a aljihu, riƙe shekara ɗaya: 1855. Ranar 1 ga Janairun wannan shekara gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotland. Takardar mutuwa ta can tana ɗauke da sunan uban mamaci da na uwarsa, har da sunan gidan da uwar ta fito. Ta aure ma haka. Wanda ya tafi bayan wannan shekara, aikinsa da sauƙi. Wanda ya tafi kafin nan, sai an bi ta bayan gida.

ScotlandsPeople shi ne shafin hukuma, na ma'adanar bayanai ta ƙasar da ke Edinbara. Duba jerin sunaye kyauta ne, ganin hoton takarda ne ake biya, ɗaya bayan ɗaya, ba kuɗin wata. Lokacin da muka yi amfani da shi, takarda ɗaya ta rajista ta kama fam ɗaya da rabi. A nan ake samun ainihin hotunan rajistar gwamnati, da ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921, da litattafan cocin ƙasa na baftisma da aure, waɗanda mafi tsufansu ya kai 1553, da wasiyyoyi. Akwai iyaka: a intanet ba a nuna hoton takardar haihuwa sai ta cika shekara 100, ta aure 75, ta mutuwa 50. Illarsa ita ce kuɗin na zurarewa kamar ruwa a kwando in kana buɗe takardu da ka. Amma in aka ce in zaɓi guri ɗaya tak, shi zan zaɓa.

FamilySearch kyauta ne, cocin Mormon ke tafiyar da shi. Jerin sunayensa na haihuwa da baftisma da aure na taimakawa wajen tace mutane kafin ka je ka biya hoto. Fara da shi, ba abin da za ka yi asara sai lokaci.

Ancestry da Findmypast kuɗin wata ko na shekara ake biya. Ƙarfinsu ba a cikin Sikotland yake ba, a ƙetaren teku yake: ƙidayar Kanada da Amurka, da jerin fasinjojin da suka tashi daga tashoshin Birtaniya tsakanin 1890 da 1960. Ƙidayar Sikotland da ke cikinsu kwafi ne da aka sake bugawa, ba hoton asali ba, kuma mai kwafi na iya tuntuɓe. Wata ɗaya ya isa in ka shirya tambayoyinka. Bishiyoyin dangi da mutane ke ɗorawa a can kuwa, ka ɗauke su kamar zancen kasuwa.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne, yawanci ba a Sikotland ake fara neman ba. A inda mutumin ya mutu ake farawa. Jihar Victoria ta Ostireliya tana rubuta sunayen iyaye a takardar mutuwa tun 1853, Niyuzilan tun 1876. Sanarwar rasuwa a jaridar gari ko rajistar aure na iya ambaton gundumar da ya fito, wato yankin cocinsu a Sikotland. In ka samu gunduma, sai dabara ta biyu: nemi ɗan'uwansa da bai tafi ba. Kakan abokiyata ya tafi a shekarun 1840, don haka rajistar gwamnati ba ta san da shi ba. Amma wata tsohuwar wasiƙa a gidansu ta ambaci ƙanwarsa da ta zauna a gida. Muka nemo takardar mutuwar ƙanwar, ga sunan uba da sana'arsa ta masaƙi, ga sunan uwa, da tawada baƙa a layi ɗaya. Takardu uku muka buɗe kafin mu dace.

Akwai kuma al'adar raɗa suna, wadda Bahaushe ba zai yi mamakinta ba, mu da muke mayar da sunan kaka har mu koma kiran yaro Abba don kunya. A can ɗan fari kan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. Jera 'ya'yan wanda ya yi hijirar, sau da yawa za ka ga sunayen iyayensa a ciki. Alama ce kawai, ba hujja ba.

Litattafan coci na da giɓi, musamman a tsaunuka da tsibirai, inda wasu gundumomi ba su fara rubutu ba sai bayan 1800. Bayan rabuwar coci ta 1843, iyalai da yawa sun koma sabon cocin, 'ya'yansu ba su shiga littafin tsohon ba. Ƙidayar 1841 ba ta faɗi alaƙar mutanen gida, kuma tana rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, wato mai 34 sai a rubuta 30. Ta 1851 ce ta fara faɗin alaƙa da gundumar haihuwa. A sunan gida mai farawa da Mac, ka kuma gwada Mc da M', don magatakarda yadda ya ji yake rubutawa.

Gwajin ƙwayar halitta na da amfani in takardu sun ƙare, amma ba zai ba ka sunan uba ba. 'Yan'uwa masu rai zai nuna maka, kai za ka haɗa zaren. Gwajin layin maza na kamfanin FamilyTreeDNA sai namiji ne zai yi shi, kuma a sunan da ya cika gari kamar MacDonald zai iya tara maka dangin da kuka rabu ƙarnuka da dama baya.

Ɗaukar ƙwararren mai binciken asali shi ne mafi tsada, da awa ake biya. Ƙungiyarsu ta ASGRA na da jerin mambobinta. Yana biyan kuɗinsa ne idan abin da ya rage takardun gidajen masu ƙasa ne ko na kotu, waɗanda sai an je an zauna a ma'adana. Kada ka aika masa suna da shekara kawai. Bari sai ka riƙe gunduma, ka kuma ƙayyade masa awowi tun farko, a rubuce.