Gasar Dublin da ta Aachen: Wace Ce Yaya, Wace Ce Ƙanwa?

Malam, ka tambaya wace ce ta fi daɗewa kuma ta fi daraja tsakanin gasar tsallaken shinge da dawaki ta Dublin a ƙasar Ailan da ta Aachen a Jamus. A shekaru Dublin ce yaya, kuma da tazara mai yawa, amma in ana maganar mahayan ƙasashe su haɗu su gwada tsalle, to kusan tagwaye ne.

An fara taron Dublin a 1864, kuma tun 1881 ake yin sa a unguwar Ballsbridge, a ƙarƙashin ƙungiyar Royal Dublin Society. Sai dai asalinsa baje kolin dawaki ne, inda masu kiwo ke kawo ingarmu da goɗiyoyi a duba ƙirarsu da tafiyarsu, a yi ciniki. Tsallen ma hanya ce ta nuna wa mai saye abin da doki zai iya. Aachen kuwa ƙungiyar masu sukuwa ce da aka kafa a 1898 ta haife ta, kuma ba ta shirya gasarta ta farko ba sai a 1924, shekara 60 cif bayan Dublin.

Inda tazarar ta rufe shi ne wajen shigowar baƙi. Dublin ta fara gasar ƙasashe a 1926, Aachen ta buɗe wa mahayan waje ƙofa a 1927. Kofin Dublin kyautar Aga Khan na uku ne, shugaban Isma'iliyya na wancan zamani, kuma har yau da sunansa ake kiran sa. Hafsoshin sojan Suwizalan ne suka fara ɗaukar sa, abin da ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san cewa sojan ƙasar ya daɗe yana sayen dawaki daga Ailan. A wancan lokaci hafsoshi ne kawai ke wakiltar ƙasashensu, farar hula sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A da, ƙa'idar kofin ita ce ƙasar da ta ci sau uku ta tafi da shi gida, a kawo sabo, kuma masu masaukin, wato 'yan Ailan, sun yi hakan daga 1935 zuwa 1937, suka maimaita daga 1977 zuwa 1979 da tawagar da shahararren mahayinsu Eddie Macken yake cikinta.

A girma da daraja kuwa, ni dai ina ganin ƙanwa ta sha gaban yaya. Babban filin Aachen, a wurin da ake kira Soers, yana ɗaukar mutum kusan 40,000, kuma ba tsalle kaɗai ake yi ba, har da gwajin horon doki da tseren keken dawaki. A nan mahayin Jamus Hans Günter Winkler ya ci kambun duniya a 1955 tare da goɗiyarsa Halla, a nan kuma aka yi Wasannin Dawaki na Duniya a 2006. Shingayen babbar gasarta suna kai mita 1.60, sanda a kwance kan maƙalai marasa zurfi, ta yadda kofato ya ɗan shafe ta sai ka ga tana rawa, in ta faɗo mahayi ya kwashi makin laifi huɗu. Ranar rufewa, mahayan ƙasashe suna zagaya fili a kan dawakinsu, 'yan kallo dubbai na tsaye suna kaɗa musu fararen hankici.

Dublin, wadda ake yi a watan Agusta, tana da abin da Aachen ba ta da shi: har yanzu manomi daga ƙauye yana iya jawo ɗan dokinsa a gwada shi a harabar da zakarun duniya suke. Amma lokacin da aka haɗa manyan gasanni a ƙarƙashin Rolex Grand Slam a 2013, Aachen aka zaɓa tare da Janeba ta Suwizalan da Spruce Meadows ta Kanada. Scott Brash na Birtaniya ne ya ci ukun a jere da dokinsa Hello Sanctos, ya fara da Janeba a ƙarshen 2014, ya biyo ta Aachen, ya kammala a Kanada a Satumban 2015.